Hukuncin Dariya ga Wanda Ya Faɗi

A cikin dukan abubuwan da ɗan Adam yake aikatawa ba da shawarar hankalinsa ba, babu wanda ya kai dariya saurin tona abin da ke ɓoye a zuci. Domin mutum yana iya auna magana kafin ya furta ta, yana iya ƙaƙaro hawaye in buƙata ta kama, amma dariyar da ke kuɓuce masa sa'ad da ya ga wani ƙato mai cika da batsewa ya taka santsi ya zube rigingine, wannan ba ta neman izinin kowa, ba ta kuwa jiran fatawa. Don haka nake ganin ba ɓata lokaci ba ne a zauna a yi nazari a kan wasu mutum biyu, Stan Laurel da Oliver Hardy, waɗanda suka shafe fiye da shekara 20 ba su da wata sana'a sai faɗuwa a gaban jama'a, yau su kifa cikin kududdufi, gobe tubali ya sauko musu a ka, duniya kuwa daga gabas har yamma tana biyan kuɗinta don ta gani ta ƙyalƙyale. Mas'alar da nake son warwarewa ita ce, wannan dariya da aka yi musu, wadda har gobe ake yi, raha ce ta halal, ko kuwa shamata ce aka yi wa kwalliya?

Laurel, wato siririn, Baturen Ingila ne, an haife shi a 1890 a wani ɗan gari da ake kira Ulverston. Mahaifinsa mai kula da gidajen wasan kwaikwayo ne, saboda haka gado ya yi, ya kuma ƙetara Amurka a 1910 cikin ƙungiyar 'yan wasa ta Fred Karno, wadda tauraronta a lokacin shi ne Charlie Chaplin, shi kuwa Laurel aka tanade shi ya tsaya a madadinsa in wani uzuri ya taso. Hardy, wato ƙaton, mutumin Jojiya ne ta kudancin Amurka, an haife shi a 1892, ya tashi maraya tun yana goye, ya kuwa fara sanin majigi ne da aiki a wani gidan silima na garin Milledgeville, inda shi ne mai haska fim, shi ne kuma mai shara. Kowannensu ya daɗe yana wasa shi kaɗai ba tare da ya yi wani fice ba, sai a 1927, a ma'aikatar fim ta Hal Roach da ke Culver City a Kalifoniya, wani mai tsara wasa da ake kira Leo McCarey ya lura cewa in aka jera su, tun ba su buɗe baki ba mutane ke fara murmushi. Daga nan aka haɗa su abokan wasa. Fina-finan da suka fito tare sun kai 107, na ƙarshe ya fito a 1951.

Don kada magana ta tsaya a sama, bari mu dubi ɗaya daga cikin ayyukansu kurkusa. A 1932 suka yi wani gajeren fim mai suna The Music Box, wanda bai wuce rabin sa'a ba, ya kuma ci lambar Oscar. An ɗauke su dako ne su kai piyano, a ƙunshe cikin akwatin katako, zuwa wani gida da ke bisa tudu a unguwar Silver Lake ta birnin Los Anjalas, hanyar da suka gani kuwa matakala ce ta siminti mai hawa fiye da 130, wadda tana nan har yanzu masu yawon buɗe ido na zuwa kallo. Suka sauke kayan daga keken doki, suka kama turawa suna nishi; amma duk sa'ad da suka yi nisa sai wani abu ya gitta, ko mai reno da keken jariri tana son saukowa, ko ɗan sanda yana kira daga ƙasa, ko wani farfesa mai hushin tsiya yana cewa a kauce masa, sai akwatin ya suɓuce, ya gangara yana ƙarar wayoyi tun daga sama har ya tsaya a titi, daidai inda aka faro. Da ƙyar da jiɓin goshi suka kai shi ƙofar gidan, sai ga mai raba wasiƙu yana ce musu ai da ma ba sai sun sha wannan azaba ba, akwai hanyar da ta zagayo tudun har bakin ƙofa. Wawa na yau da kullum da ya ji haka sai ya ciji yatsa ya haƙura. Su kuwa waɗannan bayin Allah suka dubi juna da alamar an ganar da su, suka sunkuci piyanon, suka sauko da shi matakalar nan kaf, suka ɗora a keken doki, suka zagayo ta hanyar da ta dace.

Wanda ya tashi da karatun hadisi, in ya gama share hawayen dariya, ba zai rasa jin wani ɗar a ransa ba, domin akwai ƙissar da Imamu Muslim ya kawo a Sahihinsa wadda sai ka ce don wannan mas'ala aka ajiye ta. Wasu samarin Ƙuraishawa suka shiga wurin Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, a Mina, suna ta dariya. Da ta tambayi dalili suka ce wane ne ya yi tuntuɓe da igiyar hema ya faɗi, saura kaɗan wuyansa ko idonsa ya tafi. Ta hana su, ta kuma kafa musu hujja da abin da ta ji daga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ko ƙaya ce ta soki musulmi ana ɗaga darajarsa da ita, a kankare masa zunubi. A lura da hujjar, domin ta fi hanin zurfi: ba ladabi kaɗai ta koya musu ba, nuna musu ta yi cewa mutumin nan da suke gani a ƙasa, a wannan lokacin da suke ganinsa a ƙasa, sama ake yi da shi. Irin wannan ce ƙissar Abdullahi ɗan Mas'udu, da ya hau itace iska ta yaye tufarsa aka yi wa siraran ƙwaurinsa dariya, aka kuwa sanar da masu dariyar cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Ga kuma aya ta 11 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili bisa dalilin cewa mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi masu yi alheri. Ga gargaɗin da Tirmizi ya ruwaito, cewa mai nuna shamata ga ɗan'uwansa yana iya wayar gari an ji ƙan wancan an jarrabe shi.

Mai gabatar da ƙara mafi tsanani, duk da haka, ba malamin fiƙihu ba ne. Wani masanin falsafa ne na Ingila, Thomas Hobbes, wanda a littafinsa Leviathan na 1651 ya tafi a kan cewa dariya ba komai ba ce illa wani jin fifiko da ke taso wa mutum farat ɗaya idan ya ga naƙasa a jikin wani ya gwada da kansa. In maganarsa ta tabbata, ashe kowace dariya ƙanwar kibri ce. Bayansa da ƙarni biyu da rabi, a 1900, Bafaranshe Henri Bergson ya rubuta littafi guda a kan dariya, inda ya ce abin da ke ba mu dariya shi ne mu ga rayayyen mutum yana tafiya kamar inji, ya kama hanya ɗaya ya kasa lanƙwasa ko da hali ya sauya, wanda kuwa babu misalin da ya fi na masu saukar da piyano dacewa da shi. Sai dai ya gindaya sharaɗi mai ban tsoro, cewa dariya ba ta samuwa sai zuciya ta ɗan suma, tausayi ya kau na ɗan lokaci. Wanda ya haɗa maganganun nan biyu zai yanke cewa gidan silima a daren da ake nuna Laurel da Hardy makaranta ce ta ƙeƙashewar zuci, ɗaruruwan mutane zaune cikin duhu suna koyon jin daɗin wahalar wani.

Akwai amsa mai sauƙi, ita ce kuwa kowa ke fara kawowa: ai wasa ne, ba wanda ya ji ciwo. Tubalin ba na gaske ba ne, faɗuwar kuwa an ƙware a kanta. Tun zamanin tsohon wasan kwaikwayo na Italiya, ɗan wasa yakan riƙe wata sanda ta falankai biyu wadda in aka doki mutum da ita sai ta yi ƙara kamar an fasa kai, alhali ko zafi bai ji ba. Arisɗo ma tun da daɗewa ya iyakance abin dariya da cewa aibi ne ko muni wanda babu raɗaɗi ko halaka a cikinsa. Hujjatul Islam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya zo da abin da ya yi kusa da haka a Ihya'u, a babin aibobin harshe, inda ya jera barkwanci a matsayin aibi na goma, izgili na goma sha ɗaya: ya ce izgili yana haramta ne idan wanda ake yi wa yana cutuwa, amma wanda ya mai da kansa abin dariya da gangan, har yana murna in an yi masa, to, nasa ya koma hukuncin barkwanci, wanda laifinsa yawaitawa ne da dawwama a kai. Babu kuwa wanda ya taɓa mai da kansa abin dariya da gangan kamar mutanen nan biyu. Ita mas'alar halaccin wasan kwaikwayo kansa, wadda malamai suka yi saɓani a kanta, fagen masu fatawa ce, na bar musu.

Amsar nan gaskiya ce, sai dai ba ta kai inda ciwon yake ba. Ta wanke mai dariya daga haƙƙin wanda ya faɗi, tun da ba a zalunci kowa ba, amma ba ta wanke shi daga tambayar da masu tarbiyyar zuciya suka fi damuwa da ita ba, wato wane ɓangare ne na ransa ya ji daɗin. Shamata cuta ce ta zuci kafin ta zama laifi ga wani, cutar zuci kuwa tana iya ƙiba da hoto kamar yadda take ƙiba da gaskiya. In abin da ke motsawa a cikina sa'ad da Hardy ya nutse shi ne abin da Hobbes ya siffanta, to, kasancewar ruwan na wasa ne bai amfane ni da komai ba.

Abin da nake ganin yana buɗe mas'alar shi ne a duba, a cikin su biyun, wa ke faɗuwa. Hankali zai ɗauka dolon ne zai riƙa shan wuya, mai wayon yana tsira. Amma a fina-finansu, galibi, Hardy ne tubalin ke samu, Laurel kuwa yana gefe a tsaye lafiya lau, yana sosa ƙeya, ko yana wannan kuka nasa na yaro. Dalili kuwa a fili yake. Hardy ne kullum zai ture abokinsa gefe ya nuna ƙirjinsa da yatsa, alamar shi ne babba shi zai fara shiga, sai bokitin da ke bisa ƙofar ya kife masa. Shi ne zai fizge guduma daga hannun Laurel don ya nuna masa yadda ake yi, sai ya doki wayar lantarki. A fim ɗinsu Way Out West na 1937 akwai wani rafi da ruwansa bai kai gwiwa ba, amma da rami guda a tsakiya, duk sa'ad da za su ƙetare kuwa Hardy, yana tafe da ƙasaita kamar hakimi, shi ke faɗa masa ya ɓace ɗungurungum. Malaman usulu sun raba jahilci gida biyu, basiɗi da murakkabi: na farko rashin sani ne kawai, na biyu rashin sani ne da aka ɗora wa zaton sani. Laurel shi ne jahilci basiɗi da ƙafafunsa, bai sani ba, bai kuma taɓa da'awar ya sani ba, sau da yawa ma wautarsa kan faɗa daidai. Hardy shi ne murakkabi, da ladabinsa na manyan mutanen kudancin Amurka, da yadda yake ɗaga baƙar malafarsa ga mata, da yadda yake sa hannu a takarda yana lanƙwasa alƙalami kamar mai rattaba yarjejeniyar sarakuna. Shi kansa Hardy ya taɓa bayyana wasan nasu da cewa wawa ne da mai ganin kansa gwani, gwanin kuwa ya fi wawan wauta, bai dai sani ba. Saboda haka abin da ke zubewa cikin ramin rafin nan shi ne abin da Bahaushe ya kira rawanin tsiya. Mutumin yakan fito a jiƙe sharkaf, amma da sauran mutuncinsa, rawanin ne ruwa ya ci.

Hobbes yana iya cewa wannan bai kore maganarsa ba, domin jin fifiko a kan mai girman kai shi ma jin fifiko ne, har ya fi daɗi. A nan ne wata ɗabi'a ta Hardy, wadda masu kallo suka san shi da ita fiye da kowace, ta zama hujja. Idan musiba ta gama sauka, ƙura ta lafa, ba ya ihu, ba ya birgima. Sai ya zauna inda ya faɗi, ya jira tubali na ƙarshe wanda ya san yana tafe, sa'an nan ya juyo a hankali ya dubi na'urar ɗaukar hoto, wato ya dube ka kai mai kallo ido cikin ido, ya yi ajiyar zuciya. A ƙa'idar wasan fim wannan saɓa doka ne, domin ɗan wasa ba ya nuna ya san ana kallonsa. Kallon nan kuwa ba na roƙo ba ne, ba na kunya ba. Kallon mutumin da ya sami shaida ne, yana cewa ka dai ga abin da nake fama da shi. Wanda aka kafa shaida ya tashi daga ɗan kallo, an jawo shi cikin shari'ar. Ba ya iya tsayuwa a bisa kan wanda ya dube shi haka, sai dai ya tsaya a gefensa. Kuma wane ne a cikinmu, in zai faɗi tsakaninsa da Allah, bai taɓa ture wani gefe don ya nuna masa yadda ake yi ba, ko bai taɓa rushe aikin da ya riga ya kammala ba don kawai an gaya masa ba ta nan ake bi ba? Suman zuciyar da Bergson ya sharɗanta ban same shi a nan ba. Zuciyar a farke take, ta gane mutumin ne, gane shi ɗin kuwa shi ya kawo dariyar.

Fim ɗin da ya fi nuna wannan a ganina shi ne Helpmates, shi ma na 1932. Yana buɗewa ne da Hardy yana yi wa wani faɗa mai zafi a kan shashancin da ya yi daren jiya matarsa ba ta gari, sai daga baya a ga ashe madubi yake kallo. Muhasaba ce sosai, irin wadda masu wa'azi ke kira gare ta, illa dai ba ta hana komai ba. Waya ta zo cewa uwargida na isowa da tsakar rana, gida kuwa kaca-kaca, ya kira Laurel ya taya shi gyara. Kwanukan da aka wanke suka farfashe, tufafinsa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya tsakanin kunkunniya da gari da ruwan wanke-wanke, har ya tafi tashar jirgi cikin kayan bikin ƙungiyarsu, da takobi a gefe. Ya dawo ba matar, ido a kumbure, takobi a lanƙwashe, ya tarar Laurel, garin son ya hura masa wuta a murhu don ya ji ɗumi, ya ƙone gidan ƙurmus, ba abin da ya saura sai ƙofa a tsaye da kujera guda. Bai ɗaga hannu ba. Ya zauna a kujerar cikin toka, sararin sama a bisa kansa, ya roƙi Laurel cikin ladabi ya ja masa ƙofa in zai fita, domin yana son ya kaɗaita. Sai ruwan sama ya sauko. Duk wanda ya yi dariya a nan, kowa kuwa yana yi, ya san ba daga tudu ya yi ta ba. Jahizu, a gabatarwar littafinsa na marowata, ya kare dariya da ayar Suratun Najmi wadda ta jingina sa dariya da sa kuka ga Ubangiji, ya kuma lura cewa an jera dariya daura da rayuwa. A wurin nan na Helpmates dariya da kuka sun matso kusa da juna har ba a iya zare ɗaya a bar ɗaya.

Sa'an nan akwai hikimar kasancewarsu biyu. Chaplin da takwaransa Buster Keaton kowanne shi kaɗai yake fuskantar duniya, yakan kuma tsira da zafin nama, ya zille wa ɗan sanda, ya bar mu muna sha'awar gwanintarsa. Waɗannan kuwa ba su da gwaninta ko ta anini, ba sa cin nasara, kuma abin da ya fi ba ni mamaki, ba sa rabuwa. Duk wanda aka ƙone wa gida yana da uzurin yanke zumunci, amma a fim na gaba za ka same su tare, ɗaki ɗaya, aljihu ɗaya, Hardy yana gabatar da Laurel ga baƙi da cewa abokinsa ne. Faɗuwar mutum shi kaɗai a gaban taro tozarci ce. Faɗuwarsa kusa da wanda zai miƙo masa malafarsa, ko da malafar da ba tasa ba ce ya miƙo, wani abu ne dabam. An ruwaito cewa sahabbai biyu, Nu'aimanu da Suwaibiɗu, waɗanda duk sun halarci Badar, sun fita fatauci Busra tare da Sayyidina Abubakar, ɗaya ya nemi abinci ɗayan ya hana shi, sai ya je ya sayar da shi ga wasu matafiya a kan raƙuma 10, bayan ya gargaɗe su cewa bawan nasa zai yi ta cewa shi ɗa ne kada su saurare shi. Sai da Abubakar ya bi su ya mayar da raƙuman ya karɓo shi, aka kuwa daɗe ana dariyar abin a Madina. Ruwayoyi sun saɓa a kan wanda ya sayar da wani, wannan saɓani kuwa bai rage komai ba, tun da abin da ya halatta dariyar shi ne babu wanda ya fita daga cikinta a wulaƙance. Mu ma mun san wannan a wasan taubasai, da na Fulani da Barebari: maganar da in bare ya faɗa sai an kai ga alƙali, abokin wasa yana faɗarta a yi shewa, domin kowa ya san akwai amana a ƙarƙashinta.

A bayan fage ma al'amarin a juye yake: Laurel, dolon, shi ne mai ƙirƙiro wasannin, shi ke kwana a ɗakin yanka fim yana auna tsawon kowace dariya, Hardy kuwa da an tashi aiki sai filin wasan golf, ya sallama masa komai ba gardama. Da Hardy ya rasu a 1957, Laurel bai sake yarda ya fito a wani wasa ba har tasa rasuwar a 1965, ko da yake bai daina rubuta wasannin da babu mai yin su ba. Wanda yake son ya ga bambanci ya dubi wasu 'yan wasan su ma biyu, Abbott da Costello, waɗanda suka karɓe kasuwa daga farkon shekarun 1940: a wurinsu mai wayon da gaske mai wayo ne, yana damfarar gajeren, yana marinsa, mari kuwa daga sama yake saukowa ƙasa. Suna da ban dariya ba shakka, amma dariyar tasu ta fi kusa da wadda Suratul Hujurati ta yi magana a kai.

Da zan tsaya a nan da na sallami mutanen nan biyu ba tare da ko tara ba, sai dai akwai wani sashe na aikinsu wanda hujjata ba ta rufe shi ba. A 1929 suka yi Big Business, fim marar magana, inda suke yawo gida gida cikin ranar Kalifoniya suna tallar itacen Kirsimeti. Suka ƙwanƙwasa wa wani mai sanƙo da gashin baki, James Finlayson, mutumin Sikotilan da ya daɗe yana fitowa abokin gābarsu, ya ce ba ya so, ya rufe ƙofa, reshen itacen ya maƙale. Suka sake buga ƙararrawa, ya buɗe, ya rufe, rigar Laurel ta maƙale. Da abin ya ishe shi ya fito da almakashin lambu ya datse itacen. Daga nan aka shiga ramuwa, kuma yadda aka yi ta shi ne abin lura: ba kokawa, ba gaggawa. Su ɓata masa ƙofa, shi yana tsaye yana kallo har su gama. Sa'an nan ya taka zuwa motarsu ya cire fitila ya fasa, su kuma suna tsaye suna kallo har ya gama, kowa yana ba abokin husumarsa cikakken lokacinsa kamar masu bin ƙa'idar ƙisasi a gaban alƙali. Kafin a jima motar ta zama tarkace, gidan ya zama kufai, an sare itatuwan lambu, an fito da tulunan ado ana jefa wa Hardy yana fasa su da shebur, maƙwabta sun cika titi, ɗan sanda yana zaune a motarsa yana rubutawa.

A nan babu rawanin da ya faɗi, babu kallon da ke kafa ka shaida. Ana iya cewa fim ɗin wa'azi ne a kan ramuwar gayya, yana nuna yadda reshe guda ke cinye gida da mota, kuma mutanen da suka ga abin da ramuwa ta yi wa Turai daga 1914 zuwa 1918 ba su buƙaci a fassara musu ba. Na yarda akwai wannan. Amma wanda ya saurari irin dariyar da ake yi a wurin zai ji ta bambanta da ta Helpmates: tana da zaƙi irin na ɓarna, tana ƙaruwa da kowane gilashin da ya fashe, mai yin ta kuwa ba gidan yake tausaya wa ba, jira yake a ɗauko gatari. Wannan ɓangaren rai da ke jin daɗin ganin an rusa abin da aka gina, wanda tarbiyya ta danne shi tun muna yara, shi ne ake ciyarwa, mu kuwa masu kallo mun koma cikin maƙwabtan nan da suka cika titi ba wanda ya ce a bari. Masu fim ɗin ma ba su yi mana rangwame ba. Da ɗan sandan ya sauko ya tambayi wanda ya fara, kowa ya fashe da kuka, har shi ɗan sandan, aka yi musafaha, Laurel ya miƙa wa mai gidan sigari na sulhu. Da ɗan sandan ya waiwayo ya ga su biyun suna dariya a ɓoye, ya bi su da gudu, mai gidan kuwa ya zauna cikin kufansa ya kunna sigarin, ya fashe masa a fuska.